Adon Kirsimati da Kayan da Muka Gada

Idan watan Disamba ya kama a ƙasar Daura, ba sai an gaya wa mutum ba. Hazo yakan rufe gari, leɓuna su tsage, yara su kewaye murhu da sassafe suna jin ɗumi. An gama girbi, gero da wake sun shiga rumbu. A gidajen masu bi kuwa zance ya koma kan ɗinkin yara, da shinkafa, da kajin da za a yanka, da waƙoƙin da ake koyo a majami'a kowace yamma. Akwai wani aiki kuma da uwargida ba ta mantawa da shi, wato gyaran ɗaki, gama baƙi suna tafe.

A gidanmu wannan aiki yakan fara ne da jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado. Ta mahaifiyata ce, wadda ta riga mu zuwa wurin Ubangiji. A cikinta akwai tangaran huɗu masu zanen shuɗin fure, da tasoshin tagulla biyu, da ƙorai uku masu zane, da langa ɗaya wadda bakinta ya ɗan ɓantare. A can ƙasa kuma akwai gwangwanin biskit cike da auduga. A cikin audugar akwai ƙwallayen gilashi, irin waɗanda ake ratayawa a itacen Kirsimati. A dā shida ne, yanzu saura biyar. Zan ba ku labarin ta shidan in mun yi gaba.

Na san gidaje da dama suna da irin wannan adaka. Waɗansu sun kulle ta shekara da shekaru don tsoron kada wani abu ya fashe. Waɗansu kuma sun ga kayan sun tsufa, sai suka sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe a kan kuɗin da bai kai na tiyar shinkafa ba, sa'an nan suka tafi kasuwa suka ciwo bashin furen roba. Dukansu biyu sun yi hasara. Shawarata a wannan wata ita ce, a fito da kayan nan, a riƙe su da hannu biyu, a jera su inda ido zai gani, a kuma gaya wa yara labarinsu.

Jere ba baƙon abu ba ne

Waɗansu suna tsammani adon Kirsimati sai mai kuɗin sayen itacen roba da fitilu masu ƙyaftawa. Sun manta cewa tun kafin Bature ya sa ƙafa a ƙasar nan Bahaushiya ta san adon ɗaki. In za a kai amarya, gwaggwanni da ƙawayen uwa sukan riga ta zuwa su yi mata jere. A zamanin kakanninmu ƙorai ake jerawa, manya a ƙasa, ƙanana a bisa, kowace da faifanta, waɗansu a kan ragaya. Ga akushi, ga ludayi, ga tasoshin tagulla irin waɗanda maƙeran Bida suka yi suna da su. Daga baya fatake da kantunan Turawa suka kawo tangaran da kwanoni masu fenti, su langa da fanteka da kwalla. Da fari daga Turai da Hong Kong ake kawo kwanonin, amma daga wajen shekarun 1960 aka yi ta ƙera su a masana'antun Legas da Kano, har suka cika ɗakunan mata, a bango da cikin kabad mai gilashi.

Jeren nan asusun mace ne kuma. Shi yake nuna ƙoƙarin da iyayenta suka yi. In shekara ta yi tsanani, takan ɗauki tasa ɗaya ta sayar ta sayi hatsi. In 'yarta ta isa aure, daga ciki za ta cire ta fara haɗa mata nata. Ko magina ma sun san darajarsa. Shiga tsohon zaure a Daura, ko Katsina, ko Zariya, ka ɗaga kai. Sau da yawa za ka ga tasa ko tangaran manne a tsakiyar rufi, daidai inda bakan gizo suka haɗu.

Waɗanda suka gina majami'ar St. Bartholomew ta Wusasa a 1929 sun yi ta ne da ƙasa, ginin Hausa, tana kuwa nan tsaye har yau. Sun gane cewa ba sai mutum ya yar da abin ubansa kafin ya yi wa Allah sujada ba. Haka yake ga ɗakinmu. Ƙwaryar kaka da tangaran Inna sun isa su marabci ranar haihuwar Mai Ceto.

Asalin ƙwallayen gilashi

To, su ƙwallayen gilashi fa, daga ina suka fito? Al'adar kafa itace a ɗaki lokacin Kirsimati daga ƙasar Jamus ta taso. A lokacin sanyinsu yawancin itatuwa sukan kakkaɓe ganye, sai waɗansu kaɗan da suke zama kore, su ne mutane suke sarowa su kai gida. Akwai rubutu na shekarar 1605 da ya ambaci yadda mutanen birnin Strasbourg suke rataya wa irin wannan itace tuffa, da furen takarda, da kayan zaƙi. A 1848 wata jaridar Landan ta buga hoton Sarauniya Biktoriya da mijinta Albert, wanda Bajamushe ne, da 'ya'yansu kewaye da itacensu. Daga nan al'adar ta bazu a Ingila da Amurka.

Akwai wani ƙaramin gari a cikin duwatsun Jamus mai suna Lauscha, inda aka kafa aikin gilashi tun 1597. A dā mutanen garin talakawa ne, sana'arsu ke nan, maza da mata da yara, kowane gida da wurin aikinsa. A tsakiyar ƙarni na 19 suka fara yin 'ya'yan itace da ƙwallaye na gilashi don ratayawa. Mai aikin yakan ɗora bututun gilashi a kan harshen wuta har ya yi laushi, ya hura da bakinsa ya kumbura. Sai a zuba ruwan azurfa a ciki, a girgiza cikin ruwan zafi har ya kama jikin gilashin ya zama kamar madubi. Bayan ya bushe a tsoma cikin launi, a yi zane da hannu, a sa masa 'yar hular ƙarfe mai waya. A 1880 wani ɗan kasuwan Amurka mai suna Woolworth ya gwada sayar da su a kantinsa, suka ƙare nan da nan, daga baya ya riƙa sayensu da yawan gaske daga Jamus. Sa'ad da yaƙin duniya na biyu ya tashi a 1939 hanya ta yanke, sai kamfanin Corning na Amurka ya koma yinsu da inji.

Abin lura a nan shi ne, gilashin nan ba shi da kauri, kamar ɓawon ƙwai yake. Azurfar tana ciki, launin kuwa yana waje. Wanda ya riƙe wannan a ransa ya san rabin yadda ake kula da su.

Yadda suka iso hannunmu

Ma'aikatan mishan ne suka zo da su cikin akwatunansu. Mutum uku na farko na mishan ɗin SIM, wato Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, sun sauka Legas a watan Disamba na 1893. An daɗe gwamnatin Turawa ba ta yarda mishan ya zauna a ƙasashen sarakunan Arewa ba. Sai wajen 1937, ta hanyar jinyar kutare, aka ba SIM riƙon asibitocin Babbar Ruga kusa da Katsina, da Yadakunya a Kano, da Amanawa a Sakkwato. Daga nan ƙananan asibitoci da makarantu suka yi ta buɗewa a ƙauyuka. A gidajen waɗannan ma'aikata ne iyayenmu da yawa suka fara ganin itace a tsakar ɗaki.

Mu mutanen kudancin Katsina ne, aikin koyarwa ya kawo ni Daura. Tun Inna tana budurwa ta yi aiki a gidan wata Baturiya mai jinya. A shekarun 1970, lokacin da gwamnati take karɓar makarantu da asibitocin mishan, Baturiyar ta tashi komawa ƙasarsu. Ta raba kayanta ga waɗanda suka zauna da ita. Wata ta sami keken ɗinki, wani ya sami fitila. Inna kuwa, da yake ita ce take rataya ƙwallayen kowace shekara ba ta taɓa fasa ko ɗaya ba, sai aka ba ta shida. Ta kai su ɗakin aurenta, ta sa su cikin jerenta tare da tangaran da ƙorai. A wurinta duk abu ɗaya ne, kayan ɗaki ne.

Fitowa da wankewa

Ga abin da na koya a wurinta da wurin uwargidana. Kada a bar aikin nan sai daren jajibere, lokacin da kowa yake sauri, ga suya, ga kitso. A zaɓi wata Asabar tun da sauran mako biyu. A shimfiɗa tabarma, a ɗora tsohon bargo a kai, a zauna a ƙasa. Abin da ya suɓuce daga hannun mai zama ba ya yin nisa. A fito da kaya ɗaya bayan ɗaya, da hannu biyu, kada a ɗauki tangaran ta baki ko ƙwallo ta waya.

Ƙwallon gilashi ba ya son ruwa ko kaɗan. Ruwa yakan wanke launin waje, in kuwa ya shiga ciki ya ɓata azurfar. A kaɗe ƙurar da gashin kaza mai laushi ko busasshiyar auduga, shi ke nan. A duba 'yar hular ƙarfen, gama tsatsa takan ci wayar. Yawancin ƙwallayen da suka fashe, wayar ce ta sake su.

Tangaran a wanke shi da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu, cikin roba, ba a kan siminti ba. A kiyayi zuba tafasasshen ruwa a kan tangaran da ya kwana cikin sanyin hunturu. Gefe ɗaya yakan buɗe da zafi tun ɗayan bai motsa ba, sai ka ji ƙas, ya tsage. Kada a goge zanen da yashi ko soson ƙarfe. Akwai wata magana kuma da ya kamata uwaye su sani. Waɗansu tsofaffin tangaran akwai darma a cikin fentinsu, abu mai tsami kuwa kamar kunun tsamiya, ko zoɓo, ko lemon tsami yakan jawo ta cikin abinci, tana kuwa cutar da ƙwaƙwalwar yara. Saboda haka tsohon tangaran mai zane, balle wanda fuskarsa ta yi tsage-tsage, a bar shi ga ado.

Langa da fanteka ƙarfe ne da aka lulluɓe da garin gilashi aka gasa a wuta mai tsananin zafi. Shi ya sa in sun faɗi sukan ɓantare, wurin ya yi baƙi, tsatsa ta kama. A wanke, a shanya sosai, a shafa ɗigon man gyaɗa a inda ya ɓantare. Tasar tagulla kuwa, jiƙaƙƙiyar tsamiya da toka mai laushi sun ishe ta. A goge, a ɗauraye, a tsane da ƙyalle nan take, za ta yi ƙyalli kamar ran da aka saye ta.

Ƙwarya ita ce ta fi shan wahalar wannan wata. Iskar hunturu ba ta da laima, takan busar da ita har ta tsage. Kada a jiƙa tsohuwar ƙwarya, kada kuma a shanya ta a rana. A goge ta da ƙyalle mai ɗan danshi. In farin zanenta ya dushe, a shafa farar ƙasa a share, zanen zai fito. In ta riga ta tsage, a nemi gyartai ya ɗinke. Sun yi ƙaranci yanzu, amma a kasuwannin ƙauye akan dace. Ɗinki ba ya rage wa ƙwarya daraja, shaida ce cewa an so ta.

Jerawa

Kafin jere sai shara. A kaɗe yanar gizo, a shafe bango da farar ƙasa in da hali. Sa'an nan a zaɓi bangon da yake fuskantar ƙofa, inda mai shigowa zai fara gani, amma nesa da hanyar wucewa da labulen da iska take kaɗawa. Masu nauyi a ƙasa, masu fashewa a bisa. Tangaran da za a jingina a kan kanta ko cikin kabad, a kafa masa siririn katako a gaba don kada ya zame. Ƙwarya a zaunar da ita a kan gammo. Tsofaffi sun ce ƙwarya ta bi ƙwarya, in ta bi akushi sai ta fashe. A wurin jere maganar nan gaskiya ce ƙwarai. Kada a haɗa tangaran da tagulla a tsibi ɗaya.

Itacen da Turawa suke sarowa ba ya tsiro a ƙasarmu, ba kuwa dole ba ne. Muna da darbejiya a kowane lungu, wadda ita ma baƙuwa ce daga Indiya ta zama 'yar gari. Ɗanyen reshe yakan yi yaushi cikin kwana biyu a wannan iska, don haka mu busasshen reshe mai rassa da yawa muke nema, mu shafe shi da farar ƙasa, mu kafa cikin bokiti cike da yashi. A sa shi a kusurwa, a ɗaure shi da igiya a jikin ƙusa, a shimfiɗa bargo a gindinsa. Ƙwallayen gilashi a can sama, kowanne da zare riɓi biyu a ɗaure, inda hannun yaro ba ya kai. Mai rarrafe yana ganinsu kamar alewa.

Rassan ƙasa kuwa na yara ne. Yaran da suka iya yin mota da karan dawa sun iya yin tauraro. A ba su kara, da takarda mai launi, da auduga, da ƙananan ƙoƙuna, da ƙwallon goruba su shafa wa launi. A makarantarmu nakan ba 'yan ajina wannan aiki a makon ƙarshe kafin hutu, kowa ya kai nasa gida. Yaron da aka ba shi nasa reshe ba ya cika miƙa hannu ga na sama.

A yi hankali da wuta. A wannan wata kome a bushe yake, kara da takarda da auduga ba sa jiran gayyata. Kada a kunna kyandir ko fitilar kwano kusa da itacen. Mai fitilun lantarki ya duba wayar ko ta saɓule, ya kashe kafin a kwanta da kafin a tafi sujada. Gobarar hunturu ba ta tsayawa a gida ɗaya.

Ranar da ta shida ta fashe

Yanzu ga labarin da na yi muku alkawari. Ba na jin daɗin ba da shi, amma mai yiwuwa ya amfani wani maigida.

Shekarar ƙarshe da Inna ta yi Kirsimati tare da mu, ta zo da adakar nan ta ce ta bar mana. Ran jajibere da yamma, mun gama rataya kome, na fita tsakar gida ina fiɗar kaji. 'Yata ta biyu, tana da shekara shida a lokacin, ta jawo kujera ta hau, wai tana so ta ga fuskarta a jikin jan ƙwallon. Sai na ji tas, na kuma ji kuka. Na shigo da gudu. Idona bai faɗa kan yarinyar ba, a kan gutsattsarin gilashin ya faɗa. Na daka mata tsawa, na ce mata mara ji, na ce abin da ya shekara fiye da arba'in lafiya ta hallaka shi cikin minti ɗaya. Har na juya ina neman tsumagiya.

Inna tana zaune a bakin gado. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, “Zo nan, kishiyata, mu ga ƙafar.” Sai a lokacin na ga jini. Yarinyar ta diro a kan gilashin, wani ɗan guntu ya shige tafin ƙafarta. Inna ta ɗora ta a cinya, uwargida ta kawo fitila da ruwan gishiri, aka cire.

Da aka ɗaure ƙafar, Inna ta dube ni. Da yake ni ne ɗan fari, ba ta taɓa kiran sunana ba. Ta ce, “Kai, malamin makaranta, kayan nan nawa ne ko naka?”

Na ce, “Naki ne, Inna.”

Ta ce, “To, mai kaya ta yafe. In ruwa ya zube ya bar tulu, ai ya yi kyau. Wadda ta ba ni su, don yara su gani su yi murna take rataya su. Gobe za ka tsaya a gaban jama'a ka karanta labarin Jariri, ga taka jaririyar ka sa ta kwana da tsoronka?”

Kunya ta rufe ni. Na tuna da gargaɗin Manzo Bulus ga ubanni a Afisawa 6:4, wanda ni kaina na sha koya wa waɗansu. A daren nan na durƙusa a gaban 'yar shekara shida na roƙi gafararta. Ban taɓa yin abu mai wuya kamar wannan ba, ban kuwa taɓa yin da-na-sani a kansa ba. Har yau ita ce take buɗe gwangwanin kowace shekara, ita ce kuma take ba ƙannenta labarin Kaka da Baturiya.

In haka ta faru a gidanku, a fara duba yaro. A fitar da marasa takalmi, a share, sa'an nan a bi wurin da jiƙaƙƙen tsumma, gama gilashin nan yakan farfashe kamar ƙaiƙayi. A binne gutsattsarin, kada a zuba a juji inda yara da awaki suke yawo. Faɗa kuwa, in ya zama dole, ya jira sai zuciya ta huce.

Don wa muke yin ado?

A masarautar Daura, daga cikin gari har Zango, da Baure, da Sandamu, da Mai'aduwa, mu masu bi kaɗan ne. Yawancinmu aiki ko ciniki ya kawo mu. Maƙwabtanmu Musulmi ne, su ne suke aiko mana da nama ran Babbar Salla, mu kuma mu aika musu da shinkafa da cincin ran Kirsimati. Matansu sukan shigo yi wa uwargida barka. Na lura da wani abu. Ba su cika tsayawa a kan furen roba ba, gama akwai shi a kowane kanti. Amma in tsohuwa ta ga tasar tagulla ko tangaran mai shuɗin fure, sai ta tsaya ta ce, “Ikon Allah! Irin na ɗakin innarmu ke nan.” Daga nan hira ta buɗe, a zauna, a ci, a sha, a rabu da girmama juna. Wani lokaci a tambayi ma'anar tauraron da yake bisa itacen, uwargida ta amsa da tawali'u gwargwadon abin da aka tambaya.

Saboda haka adonmu ba na gasa ba ne. Kada wata ta ga ɗakin 'yar'uwarta a zumuntar mata ta koma gida ta tayar wa mijinta da hankali. Kada maigida ya taɓa kuɗin makarantar Janairu don fitilu. Wadda ba ta gaji kome ba, ta share ɗakinta, ta wanke ƙwarya ɗaya ta ɗora a kan faifai, ta tari baƙo da fara'a. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Mu tuna, ɗakin da aka haifi Ubangijinmu a Baitalami ba wanda ya yi masa jere.

Ga yara kuma, kayan nan littafi ne. A Joshuwa sura 4, Allah ya sa aka kafa duwatsu goma sha biyu bayan haye Urdun, domin in 'ya'ya sun yi tambaya a kansu iyaye su sami abin faɗi. Yaranmu suna girma nesa da garuruwan kakanninsu. Waɗansu ba su san wanda ya fara ba da gaskiya a zuriyarsu ba, ko abin da ya jimre saboda haka. In an zauna a kan tabarma ana goge tasa, lokacin faɗa musu ke nan: wannan ta wance ce, ga inda ta zauna, ga yadda ta ji bishara, ga abin da ta sayar a shekarar yunwa, ga abin da ta ƙi sayarwa. Kayan da yake kulle a adaka ba ya sa yaro tambaya.

Mayarwa

In an shiga sabuwar shekara, a sauke kaya da natsuwar da aka jera su. Ƙwallo ɗaya, dunƙulen auduga ɗaya, cikin gwangwani mai murfi. Takarda ko ƙyalle tsakanin tangaran da tangaran. Ƙorai a naɗe cikin tsohon zane, a sa busasshen ganyen darbejiya saboda ƙwari. A ɗora adakar a kan bulo ko duwatsu don gara da laimar damina, kada kuma a sa ta dab da rufin kwano, inda zafin bazara zai gasa ta. Wanda ya iya rubutu ya rubuta a 'yar takarda sunan mai kowane abu da garinsu, ya jefa ciki. Wata rana ba ma nan da za a tambaye mu.

Duk da wannan kulawa, ya mai karatu, wata rana wani zai fashe. Biyar ɗinmu za su koma huɗu. Ubangiji ya riga ya gaya mana a Matiyu sura 6 abin da asu da tsatsa suke yi wa dukiyar duniya. Amma duk lokacin da na tallabi ƙwallon nan a tafin hannuna, ina jin rashin nauyinsa, nakan tuna cewa Allah bai ɓoye Ɗansa a sama don tsoron abin da za mu yi masa ba. Ya miƙa shi jariri, mai jin sanyi da yunwa, a hannun wata budurwa da wani masassaƙi. Tsoho Saminu ma ya karɓe shi a hannunsa cikin Haikali. Manzo Bulus kuma, a 2 Korantiyawa 4:7, ya kwatanta mu da tukwanen ƙasa waɗanda aka zuba wa dukiya mai daraja. Mijinki, da matarka, da yaran nan masu tsalle a tsakar gida, da tsohuwar da take bakin gado, da maƙwabcin da zai yi sallama, kowannensu ya fi tangaran saurin tsagewa, ya kuma fi shi tsada.

To, uwargida, jawo adakar. Maigida, nemo reshe da yashi. A kira yara su wanke hannu su zauna. Allah ya kai mu ranar lafiya, ya ba gidajenmu da garinmu salama. Barkanmu da Kirsimati.